"Ba Laifi" Maki Nawa Ne? Yadda Ake Auna Hidimar Jami'o'i

Ga taƙaitaccen bayanin shirinmu na ilimi, wanda a wannan karo ya leƙa zangunan Akra, musamman Nima da Maamobi. Tun da gwamnatin Gana ta mayar da karatun babbar sakandare kyauta a Satumban 2017, masu rubuta jarrabawar WASSCE sun ƙaru, kuma gidaje da yawa a zango na fama da tambaya ɗaya: wace jami'a za a kai yaro? Ga Jami'ar Gana a Legon, wadda aka kafa a 1948, ga UPSA kusa da Madina, ga Jami'ar Fasaha ta Akra a cikin gari, ga wasu masu zaman kansu. Kuɗin makaranta kuwa ba wasa ba ne. Wata uwar da cinikin koko da ƙosai take tara shi, sidi bayan sidi.

To amma ka tambayi ɗalibi yaya makarantarsu take, me zai ce maka? "Ba laifi." Wani ya ce "dama-dama", wani ya ce "sai a hankali". Yaya za ka ɗora kuɗinka a kan irin wannan amsa? Masana lissafi ma sun yi karo da wannan matsala.

A 1965 wani malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, Lotfi Zadeh, ya fito da lissafin da ake kira fazi, wato na abin da iyakarsa ba ta fito sarai ba. Mu kira shi lissafin dama-dama. Ɗauki kokon safe. Daga wane mataki ya tashi daga ɗumi ya zama zafi? Ai babu layi. Zadeh ya ce a bar abu ya shiga rukuni da rabo: kokon nan zafinsa ya kai kashi 7 cikin 10. Da irin wannan lissafi aka tafiyar da jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Sendai a Japan tun 1987.

Kafin awo, sai an san abin da za a auna. A 1988 masana uku, Parasuraman da Zeithaml da Berry, suka tsara ma'aunin hidima mai suna SERVQUAL, mai tambayoyi 22 a fannoni 5. In an kawo shi jami'a, ana duba abin da ido ke gani, kamar azuzuwa, ɗakin karatu da makewayi. Cika alkawari, kamar fitar da sakamako a kan lokaci. Saurin amsa koke. Ƙwarewar malamai da amanarsu. Sai kulawa da ɗalibi a matsayinsa na mutum. Ana tambayar ɗalibi abin da ya yi tsammani, da abin da ya tarar. Ratar da ke tsakani ita ce awon.

Ga inda lissafin dama-dama ke shiga. Maimakon a ba kowace amsa lamba ɗaya, sai a ba ta uku: ta ƙasa, ta tsakiya, da ta sama. Misali, "ba laifi" ta zama 3, 5, 7. "Da kyau" ta zama 5, 7, 9. Ka ga sun haɗu a tsakiya, domin "ba laifin" wani ita ce "da kyan" wani. In ɗalibai biyu suka ba da waɗannan amsoshi, matsakaicinsu 4, 6, 8 ke nan. Shakkar da ke cikin maganar mutane ba ta ɓace ba, tana nan cikin lissafin.

Sai kuma nauyi, domin fannonin ba darajarsu ɗaya ba. Bari mu ƙaddara jami'o'i biyu. Ta farko ta sami 9 a gine-gine, 4 a fitar da sakamako. Ta biyu ta sami 5 da 7. In nauyinsu ɗaya, ta farko ta ci, 13 da 12. In ka ninka nauyin sakamako sau biyu, ta biyu ta wuce, 19 da 17. Makarantun ba su canza ba fa, abin da aka fi bai wa muhimmanci ne ya canza. A ƙarshe ana jera su da hanya irin TOPSIS, ta Hwang da Yoon a 1981: a ƙaddara jami'ar da ta fi kyau a komai da wadda ta fi muni a komai, a ga kowace ta fi kusa da wace.

Saboda haka duk jerin da aka nuna maka, wannan ta ɗaya, waccan ta biyar, ka tambaya: su wa aka tambaya, kuma wa ya sa nauyin? Bukatar mai kwana a ɗakin kwanan ɗalibai daban take da ta yarinyar da za ta riƙa hawa trotro daga Maamobi kullum, wadda damuwarta lokacin tashi daga aji da wurin salla.

Abu ɗaya ne babu dama-dama a cikinsa, shi ne izini. Hukumar GTEC, wadda dokar 2020 ta kafa, ita ke tantance manyan makarantu da kwasa-kwasansu a Gana. Ko kwas yana da izini, ko ba shi da shi. Wannan za ka fara bincika kafin ka biya ko sisi.

Sauran kuwa kana iya yi a gida. Ku zauna da yaron ku rubuta abubuwa biyar da suka fi damun ku, ku jera su bisa nauyi. Ku tambayi ɗalibai da dama na kowace makaranta, har da 'yan shekarar ƙarshe. Wanda ya ce "ba laifi", ku ce masa: daga nawa zuwa nawa cikin goma? Allah ya yi wa yaranmu zaɓi mafi alheri. Sai mun haɗu a shiri na gaba.