Maganin Ɓera Da Karen Gida: Guba Mai Kisan Mummuƙe

Da zarar kaka ta yi, an cika rumbuna da hatsi, sai ɓeraye su addabi gida. Magidanci ya sayo maganin ɓera a kasuwa, a cuɗa shi da kan kifi ko ragowar tuwo, a ajiye a lungu. To, ƙamshin da ke jawo ɓera shi ne ke jawo kare. Sau da yawa karen gadi ko na farauta ke riga ɓera isa wurin, ko kuwa ya cinye ɓeran da ya riga ya ci gubar.

Yawancin irin wannan magani jikokin wani ne da ake kira warfarin, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1948. Aikinsa shi ne hana hanta amfani da bitamin K, watau sinadarin da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. A nan haɗarin yake, domin kare zai ci gubar ya ci gaba da haushinsa, mai shi ya ɗauka an tsira. Sai bayan kwana 3 zuwa 5 a ga ya yi laushi, yana haki, dasashinsa ya yi fari, jini na fita ta hanci ko cikin fitsari da kashi. A lokacin nan jini ya daɗe yana tsiyaya a cikin jikinsa.

Saboda haka likitocin dabbobi ke gargaɗin kada a jira alama. In an kai kare asibitin dabbobi cikin sa'a biyu, likita na iya sa shi amai, ya ba shi gawayi na musamman mai tsotse guba a hanji. Makarin gubar shi ne bitamin K1, kuma irin magungunan zamani masu ƙarfi, kamar brodifacoum, sukan sa a yi mako 3 zuwa 4 ana ba da shi. Wanda ya zubar da jini da yawa sai an yi masa ƙari.

Ɗura manja ko madara, kamar yadda aka saba, ba ya karya wannan guba, ruwan gishiri kuwa shi kansa yana iya kisa. Abin da ya fi amfani shi ne a tafi da kwalin maganin, don akwai wani iri, zinc phosphide, da ke kamawa cikin 'yan sa'o'i, kuma bitamin K ba ya yi masa komai.

Wajibi ne a sa maganin ɓera inda kare ba zai kai ba, a binne mushen ɓera da zurfi. Lungun da kare ya kai bakinsa, yaro mai rarrafe ma yana iya kai hannunsa.