Tsibirin Goree: Yanayin Ƙasarsa da Tarihin Yaƙe-yaƙensa

Gabatarwa

Duk malamin da ya koyar da tarihin Afirka ta Yamma ya san sunan Goree, amma galibi ta fuskar cinikin bayi kaɗai. Bayan na yi ritaya Allah ya nufe ni da ziyartar wurin, na kuwa dawo da tambaya guda: yaya aka yi dutsen da mutum zai kewaye da ƙafa kafin a kira sallar gaba ya sa ƙasashen Turai huɗu suka yi ta ƙwace shi daga hannun juna?

Yanayin Tsibirin

Goree na cikin Tekun Atilantika, kimanin kilomita 3 daga Dakar, babban birnin Senegal. Tsawonsa kamar mita 900 ne, faɗinsa kuwa bai kai mita 400 ba. Baƙin dutse ne irin na aman wuta. Kudancinsa tudu ne mai gangare tsaye, wanda ake kira Kastel, arewacinsa kuma shimfiɗaɗɗe ne, da ɗan lungun ruwa inda jirage ke tsayawa.

Amfaninsa ga Turawa uku ne. Yana daf da Kap Bar, ƙarshen Afirka ta yamma, inda jiragen da suka fito daga Turai ke bi su nufi kudu. Ƙasar da ta miƙo cikin teku tana kare masa iska, don haka jirgi kan sami mafaka. Sannan ruwan da ke tsakaninsa da gaɓa ya zame masa ganuwa, dawakin sarakunan Kayor ba su iya isa gare shi.

Sai dai yana da babban rauni: ƙarancin ruwan sha da rashin gonaki. Ruwa da hatsi da itace duk daga gaɓa ake sayo su. Magabatanmu da suka gina ganuwar Kano sun kewaye gonaki da kududdufai a cikinta domin gari ya jure wa kewaye. Goree ba shi da wannan gata. Wanda ya fi ƙarfin jiragen yaƙi shi ke da tsibirin.

Yadda Ya Riƙa Sauya Hannu

Turawan Fotugal ne suka fara isowa a 1444, ƙarƙashin Dinis Dias. A farkon ƙarni na 17 mutanen Holan suka karɓe shi, suka sa masa sunan da ya koma Goree, suka gina sansani biyu: Oranj a kan tudu, Nasau a ƙasa. A 1664 Ingilishi suka ƙwace shi, amma kafin shekarar ta fita kwamandan ruwan Holan, De Ruyter, ya ƙwato shi. A 1677 Faransawa ƙarƙashin d'Estrées suka kori mutanen Holan.

Daga nan rigimar ta koma tsakanin Faransa da Ingila. Ingilishi sun kama shi a 1758, suka mayar a 1763. Suka sake kamawa a 1779, suka mayar a 1783. Suka kuma shiga a 1800, bai koma hannun Faransa sosai ba sai a 1817. Mai karatu ya lura: sau da yawa igwa ce ke ƙwace tsibirin, takardar sulhu da aka sa wa hannu a Turai ce ke mayar da shi. Ba a taɓa tambayar mutanen ƙasar ba. Abin da ake wa wannan faɗa kuwa shi ne cinikin bayi da ƙaro da fatu, har zuwa 1848 da Faransa ta haramta bauta.

Yaƙin 1940

Kafa Dakar a 1857 ya rage wa Goree daraja ta ciniki, ya mayar da shi mai gadin ƙofar sabuwar tashar jiragen ruwa. An gina zagayayyen sansanin d'Estrées a arewacinsa cikin shekarun 1850, daga baya aka girke manyan igwa a kan Kastel. A watan Satumba na 1940 jiragen Ingila tare da Janar de Gaulle suka zo karɓe Dakar daga hannun gwamnatin Bishi, wadda ke ɗasawa da Jamus. An kwana uku ana ɓarin wuta, maharan suka janye. A wannan karo Goree bai faɗi ba, domin yana da gari guda a bayansa, da jirgin yaƙin nan Richelieu a tasha. Igwar tana nan har yau, ta yi tsatsa, na taɓa ta da hannuna.

Kammalawa

A 1913 tsibirin ya zama, na wani lokaci, mazaunin makarantar horar da malamai ta William Ponty, inda Boubou Hama da Diori Hamani na Nijar suka yi karatu. A 1978 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, sansanin d'Estrées kuma yanzu gidan tarihi ne. Shawarata ga malamai ita ce su fara wannan darasi da taswira kafin jerin shekaru. Su nuna wa yara tudun da lungun ruwan da nisan gaɓa, su tambaye su inda sojan da ke kan dutsen zai sami ruwan sha idan jiragen abokan gaba suka tare hanya.