Saiwa ko Kara: Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomin Ilimin Tsirrai a Hausar Lambu

Bahaushe ya daɗe da karkasa tsirrai, kuma ma'auninsa biyu ne: siffa da amfani. Ta fuskar siffa akwai itace da ciyawa da yaɗo. Ta fuskar amfani akwai hatsi da ganye da kayan miya da kayan marmari. Yawan sunayen da harshen ya tanada ya sa J. M. Dalziel ya tattara su a littafi guda tun 1916. Masana kimiyya kuwa, tun daga tsarin suna biyu da Linnaeus ya kafa a 1753, dangantaka suke bi, suna karanta ta a jikin fure da 'ya'ya, a yau kuma har a ƙwayoyin gado. Duk mai son koyar da ilimin lambu da Hausa dole ya san wuraren da ma'aunan nan suka saɓa, domin a nan ne kalma takan yaudari ɗalibi.

Dankali ne misali mafi kusa. Sunan ya haɗa abubuwa biyu da ba dangin juna ba. Dankalin Hausa yaɗo ne, kuma abin da ake haƙowa saiwa ce da ta kumbura da abinci. Dankalin turawa kuwa ɗan uwan tumatir ne da tattasai da attaruhu da gauta da taba, kuma abin da ake ci a jikinsa kara ne da ya yi ƙiba a ƙarƙashin ƙasa. Shaidar hakan su ne idanun da ke jikinsa, waɗanda daidai suke da idon da ke gaɓar rake, inda sabon tsiro ke fitowa. Shi ya sa manomin Filato yake binne dankalin kansa a matsayin iri, alhali mai dankalin Hausa yaɗon yake yanka ya dasa. Rogo ma saiwa ce, don haka karansa ake sarawa a shuka. Gwaza gindin kara ne. Albasa kuwa ganye ne da ya yi kauri ya lulluɓe juna a bisa ɗan guntun kara, saiwarta ita ce gezar nan da ake yankewa a zubar. Gyaɗa ta fi su duka ban mamaki: a sarari take fure, sannan wani tsinke ya sunkuya ya huda ƙasa, kwanson ya ƙosa a can. Ashe 'ya'ya ce, duk da cewa tona ta ake yi.

Littafin da ya tara waɗannan duka a ƙarƙashin "masu saiwa" bai yi wa Hausa laifi ba, amma ya hana ɗalibi fahimtar dalilin da ya sa kowanne yake da nasa salon shuka.

Sanin dangi ma ba ƙawar ilimi ba ce. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta yi mummunar ɓarna a gonakin tumatir na Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin. Ƙwaron yana iya rayuwa a jikin dankalin turawa da gauta. Manomin da aka ba shi shawarar sauya shuka, ya cire tumatir ya sa gauta, a ganinsa ya sauya, a wajen ƙwaron kuwa gida ɗaya ne. Haka kuɓewa da rama da yakuwa da auduga suke dangi guda, kamar yadda wake da gyaɗa da gujiya suka haɗa dangi da manyan itatuwa irin ɗorawa da tsamiya da gawo. Wanda ya dubi kwanson wake ya dubi na ɗorawa ba zai yi musu ba.

Idan aka shiga cikin jikin tsiro, kalmar "jijiya" ce ke da nauyi fiye da ƙima. Tana nufin saiwa, tana nufin hanyar jini, tana nufin layukan da ke jikin ganye. Alhali hanyoyi biyu ne a cikin kara, kowace da aikinta. Ɗaya tana ɗaukar ruwa da ma'adinan ƙasa daga saiwa zuwa ganye, kuma ita ce icen da ke ciki. Ɗayar tana manne a cikin ɓawo, tana raba abincin da ganye ya haɗa da hasken rana zuwa sauran sassa har saiwa. A ganina a kira su "hanyar ruwa" da "hanyar abinci" ya fi a aro baƙin sunaye masu wuyar furuci. Masu saran sassaƙe na gargajiya da suka san aikinsu ba sa kewaye itace da sara, gefe ɗaya suke ɗiba. Dalili shi ne idan ɓawo ya yanke ta ko'ina, ganye zai ci gaba da samun ruwa na wani lokaci, amma saiwa za ta mutu da yunwa, itacen ya biyo ta.

Akwai kuma "aure" da "barbara", waɗanda bai kamata a gwamutsa su ba. Barbara ita ce isar garin fure na namiji ga ɓangaren mace, ta hanyar iska ko zuma, ko ta hannun mutum kamar yadda ake yi wa dabino, wanda namijinsa daban, macensa daban. Aure kuwa, kamar a "mangwaro mai aure", haɗa reshen itace mai daɗin 'ya'ya ne da gindin wani mai ƙarfin saiwa. Siririn fallen da ke tsakanin ɓawo da ice, wanda shi ke haifar da sababbin hanyoyin ruwa da na abinci, shi ne yake haɗewa a ɓangarorin biyu. Don haka auren ba ya ɗauruwa sai tsakanin makusanta, kuma masu lambu ba sa yi wa dabino ko giginya, domin karansu ba shi da wannan falle. Kalmar ta masu lambu ce, ba wani kwamiti ne ya ƙirƙira ta ba, kuma ta cancanci shiga littafin makaranta yadda take.

Wadda ta fi buƙatar zaman masana ita ce "iri". Ƙwayar da ake shukawa iri ce, yankan rogo iri ne, bambancin kaura da farfara a cikin dawa iri ne, bambancin dawa da gero ma iri ne. Kimiyya tana da kalma daban ga kowanne daga cikin huɗun nan, kuma marubucin da zai fassara darasin lambu sai ya raba su tun a shafin farko.