Makarantar Kuɗi a Gidan Haya: Iyaye, Ku Leƙa Bayan Ƙofa

Da wuya ka ratsa unguwa a Kano, Kaduna ko Jos ba ka ga gidan kwana da aka shafa wa fenti, aka zana giwa da haruffa a katanga, aka rataya allo mai dogon sunan Turanci, shi ke nan ya zama makarantar jeka-ka-dawo. Babu filin wasa, babu inuwa, tsakar gidan ma an rufe shi da kwano an mai da shi aji.

In ka yi magana, sai iyaye su ce ai karatu suka kai yaro, ba wasa ba, kuma malami nagari ko a gindin bishiya zai koyar. Wannan zance ya ishe ni. Gindin bishiya akwai iska, kuma babu ɗakin da zai rufto wa kowa. Ɗakin da aka gina don mata da miji ne ake cusa wa yara 40, taga ɗaya, tun safe har azahar, a watan Afrilun da zafi ke haura digiri 40, lokacin da sanƙarau ya fi samun hanya a cunkoso. Wane karatu zai zauna a kan yaron da gumi ya jiƙe wa littafi? Ɗalibai na ƙaruwa, sai mai makaranta ya ɗora bene a kan tushen da ba a haƙa don bene ba. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin Saints Academy da ke Busa Buji a Jos ya rufta ana cikin darasi, mutum 22 suka rasu. A Maris 2019 ma an ga irinsa a Ita Faaji, Legas, inda makarantar take a saman benen gidan haya.

Masu makarantu za su ce fili ya yi tsada, kuma giɓin da gwamnati ta bari suke cikewa. Gaskiya ne, kuma masu sa ido na ma'aikatar ilimi ma da nasu sakacin. Amma fasa taga, buɗe ƙofa ta biyu da rage yawan ɗalibai ba sa buƙatar sayen fuloti.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin zango, je makarantar lokacin tara, ba tare da sanarwa ba. Fara da banɗaki: na 'yan mata daban yake? Akwai ruwa? Duba tsagewar bango, ka hau matattakala ka ga ko yara biyu za su iya giftawa. Tsaya lokacin tashi ka ga ko ƙofar kan titin 'yan adaidaita sahu take amayar da yara. Wanda ya hana ka zagayawa, kada ka ba shi ɗanka.