Shirin Musamman: Darasin Turanci a Bakin Fadamar Baturiya

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu ƙasar Haɗejiya, can Baturiya cikin ƙaramar hukumar Kiri Kasamma a jihar Jigawa. Ajin darasin Turanci za mu leƙa, mu ga abin da matasa ke koyo da abin da ke cin su a rai.

Wanda ya san Baturiya, da ruwa da tsuntsaye ya san ta. Dausayi ne babba a kwarin kogin Haɗejiya, wanda tun 2008 aka sa shi cikin jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta ce a kiyaye. Tsuntsaye kan taso tun daga Turai su yi hunturu a can. Mutanen wurin kuwa masunta ne da manoman shinkafa da makiyaya. To amma yaron da ya tashi a wannan fadama, ko ya fi kowa iya tuƙa kwalekwale, idan yana son ci gaba da karatu sai ya bi ta hannun Turanci. Sai da kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO yake iya neman gurbi a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ko Jami'ar Tarayya ta Dutse. A jarrabawar JAMB ma, cikin darussa huɗu da ake rubutawa a kwamfuta, Turanci ne wanda ba a ɗauke wa kowa ba.

Yaya ake koyar da shi? Duk wanda ya yi makarantar gwamnati a karkara ya san amsar. Malami ya shigo ya cika allo da ƙa'idojin nahawu, ɗalibai su kwafa. Ya karanta jimla, su maimaita da murya ɗaya har a ji su daga bakin hanya. Ya tambaya ko an gane, a ce an gane. Amma ya nuna yaro guda ya ce tashi ka faɗi abin da ka yi jiya, sai kai ya sunkuya. Tsoron dariya ne. Harafin da ke farkon sunan Pakistan da na farkon Faransa kan haɗe wa Bahaushe a baki, kuma da yaro ya sauya ɗaya da ɗaya aji ya tuntsire. Ga kuma tsohuwar dokar nan ta wasu makarantu, inda monita ke rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa don a hukunta shi. Abin da dokar ke haifarwa shi ne shiru: yaro ya daina Hausar, Turancin kuma bai zo ba.

Mu duba takardar WAEC ɗin kanta. Ana son ɗalibi ya rubuta insha'i na kalmomi wajen 450, ko wasiƙa, ko maƙala, ko jawabin muhawara. Masu duba takarda suna raba maki gida huɗu: abin da aka faɗa, yadda aka tsara shi, ƙwarewar sarrafa harshe, da kiyaye ƙa'idar rubutu. Sarrafa harshen ne ke da kaso mafi tsoka, kuma shi ne abin da ba a samu ta hanyar kwafa daga allo. Ba a koyon iyo a tudu. Sai yaro ya yi ta magana, ya yi ta rubutu, yana kuskure ana gyara masa. Shi kuwa matashi ba ya ɓata bakinsa kan abin da bai dame shi ba. Ka ce ɗan Baturiya ya rubuta bayani kan cunkoson motoci a Legas, zai cika layi biyar da ƙyar ya ajiye biro.

(Ɗan kiɗa)

Alhali kuwa abin magana na nan jibge a ƙofar ajin. A ɗauka malami ya shigo ya rubuta tambaya guda a allo: shin ya dace ɗalibi ya bar makaranta ya tafi korar tsuntsayen jan-baki idan shinkafa ta fara nuna? Babu yaro a yankin da bai san wannan ba. Ya san tashin asuba, da igiyar da ake ɗaura wa gwangwanaye ana ja, da ihun da ake yi har murya ta dushe. Ya san ciyawar kacala da ta toshe magudanan ruwa ta zama maɓoyar tsuntsayen, ya kuma ji manya na cewa tun da aka gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya. Wani zai ce in ba a kori tsuntsu ba gidan ba shi da abinci, balle kuɗin rajistar jarrabawa. Wata za ta ce darasin da aka rasa a makonnin nan ba ya dawowa. Ga gardama ta tashi da kanta.

Dabarar mai sauƙi ce. A raba ajin rukuni-rukuni, a ba su 'yan mintoci su warware hujjojinsu da Hausa, domin a harshen da mutum ke tunani da shi hujja ke fitowa. Sannan kowane rukuni ya mayar da hujjojinsa Turanci, malami yana zagayawa yana ba da kalmar da ta ɓace. Sai a tashi a yi muhawarar. Muddin yaro na magana kada a katse shi, ko ya karya nahawu sau goma. Malami ya riƙe kurakuran a takarda, a ƙarshe ya rubuta su a allo ba tare da suna ba, a gyara tare. Aikin gida kuwa, kowa ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa kan batun. Irin wasiƙar ce kuwa ake tambaya a jarrabawa.

Mako mai zuwa a ɗauko wayar hannu: yaron da ke kwana yana kallon TikTok ya zo aji yana gyangyaɗi, da wanda wayar nan ce ke ba shi tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Wani makon a ɗauko ci-rani, ko ambaliya irin ta 2022 da ta raba dubban mutane da gidajensu a Jigawa, ko tsargiya, wadda samari da yawa masu wanka a ruwan fadama ke ɗauka ba komai ba ce alhali tana da magani.

Akwai batutuwan da sai an taka a hankali. Shaye-shaye na ciki. Gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma ƙwayoyi ba su ɓace daga hannun matasa ba, kuma ɗalibai sun fi malaminsu sanin inda ake samun su. Haka zancen aurar da yarinya kafin ta gama sakandare. A irin waɗannan, malami mai hankali zai hana kiran suna ko nuna gida, ya kuma bar 'yan mata su fara tattaunawa a rukuninsu kafin su fito gaban maza. Ajin Turanci ba kotu ba ne.

Wasu malaman za su ce manhaja ta yi yawa, ɗalibai sun cika aji, ina lokacin? Gaskiyarsu. Malaman Turanci ƙwararru sun yi ƙaranci a karkara, da damina kuma hanyar zuwa wasu ƙauyukan kanta aiki ce. Sai dai abin da muke magana ba ya bukatar janareta ko sabon littafi. Darasi ɗaya ne a mako, da alli da allo. A ganinmu ajin da ya cika ma ya fi bukatarsa, tunda malami guda ba zai iya sauraron kowa ba sai an raba su suna sauraron juna.

Iyaye kuma, musamman na Baturiya da Kiri Kasamma da sauran garuruwan bakin kogi: idan yaronku ya dawo yana gwada Turancinsa a tsakar gida, kada a ce masa ga Bature ya iso. Ku tambaye shi me aka yi gardama a kai yau, ku ba shi taku hujjar ya kai aji. Shugabannin makarantu, ku ware wannan darasi guda a jadawali tun daga wannan zangon.

A nan za mu dakata. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, ku huta lafiya.