Ruwa Da Zafi Suna Cin Kayan Tarihin Kaduna

In aka jera Kaduna da Kano ko Zariya ko Katsina, Kaduna yarinya ce. Ba ta da ganuwa, ba ta da ƙofofi masu shekara ɗari biyar. Turawa ne suka zaɓi wurin wajen 1913, a 1917 kuma suka kwashe hedkwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta nan bakin kogi. Saboda haka mutane da yawa suna tsammani babu wani tsohon abu a Kaduna da ya isa a damu da shi. Ba haka ba ne. A arewacin kogin, tsakanin Ƙofar Gamji da Unguwar Sarki, cikin ɗan filin da mai keke zai kewaye kafin rana ta take, an tara takardu da kayan tarihin Arewa duka, waɗansunsu babu na biyunsu ko'ina a duniya. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, sama ta sake hali, kayan nan kuwa ba da shirin wannan sabon hali aka ajiye su ba.

Mu fara da ƙaramin cikinsu. A lambun Ƙofar Gamji, wanda yanzu ake kira da sunan Janar Hassan Usman Katsina, akwai wata 'yar gada ta ƙarfe da katako, ta masu tafiya a ƙasa. Gwamna Lugga ne ya sa aka kafa ta a Zungeru a 1904. Daga baya aka kwance ta aka kawo ta Kaduna, a 1956 kuma gwamnati ta sa ta cikin kayan tarihin ƙasa waɗanda doka ta tsare. Yara suna hawanta su ɗauki hoto ran Kirsimati ko ran Salla, kaɗan ne cikinsu suka san ta girmi kakanninsu. Ƙarfe da katako kuwa ba su da abokin gāba kamar laima. Tsatsa takan fara daga wurin kusa, inda ido ba ya kaiwa, katako kuma ya kumbura da damina, ya tsage da hunturu. Lambun kansa a gaɓar kogi yake, gaɓar da ruwa ya saba hawa.

Mazauna Kaduna ba su bukatar a gaya musu wannan. Kogin yana tasowa daga tuddan Jos, ya yi tafiyar wajen kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara, duk ruwan da ya sauka a kan hanyarsa ta sama kuwa ta tsakiyar garinmu zai bi. A daminar 2003 ya cika ya batse, ya kori dubban mutane daga gidajensu. Ya sake yi a 2012, ya kuma yi a 2015. Mutanen Kigo Road, da Unguwar Rimi, da Kabala Costain, da Rafin Guza har yanzu suna iya nuna maka inda ruwa ya tsaya a jikin bango.

ME YA SAKE?

Tsofaffinmu da suka ga farin 1973 da na 1984 za su ce, ashe ba rashin ruwa muke kuka da shi ba? Gaskiya ne. Amma abin da masana suka gano shi ne, ba yawan ruwan shekara kaɗai ne abin dubawa ba, har da yadda yake sauka. Hayaƙin kwal da man fetur da gas da duniya ta yi shekara fiye da 150 tana ƙonawa ya taru a sama kamar bargo, yana hana zafi fita. Duniya ta ƙara ɗumi da fiye da digiri 1, shekarar 2024 kuma ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara awo. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa: kowane digiri 1 yana ƙara mata wajen kashi 7 cikin 100. Abin da ta ɗauka kuwa sai ta sauke.

A 2017 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da ya duba hotunan tauraron ɗan adam na shekara 35. Aka ga manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Kaduna tana kudu da Sahel, amma manomin Kawo ko Rigachikun ya san labarin ba tare da tauraro ba: a yi kwana goma ba ɗigo, sa'an nan ruwan mako biyu ya sauka a dare ɗaya.

Sai dai kada mu ɗora wa sama laifin da yake namu. A ƙidayar 1963 mutanen Kaduna ba su wuce 150,000 ba, yau sun haura miliyan. Fadamar da take shanye ruwa an sayar da ita fuloti fuloti. Ƙasar da take tsotse ruwa an rufe ta da siminti da kwalta. Lambatu ya cika da leda. Manyan itatuwan maɗaci da suke yi wa tituna inuwa, da yawansu sun tafi wajen faɗaɗa hanya da sabon gini. Ruwa mai ƙarfi ya sauka a kan gari irin wannan, ina za shi?

GININ ƘASA

Abin da ya faru a maƙwabta ya isa ya sa mu zauna mu yi tunani. Ran 11 ga Agusta 2023, ana tsakiyar damina, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta a kan masu sallar la'asar, rayuka suka salwanta. Ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, na wajen 1830 da 'yan kai, wanda magina na ƙasashen waje suke zuwa kallon bakan gizonsa. A Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. Cikin watan nan dai madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga fadar Shehun Borno, ya kuma hallaka yawancin namun da ke gidan zu na Maiduguri. Mu kuma muna da namu abin tsaro a Wusasa, watau majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa a 1929.

Ginin ƙasa ba rago ba ne. Zai yi shekara 200 in ana kula da shi, gama magina na dā sun san abokin gābansu. Suna kwaɓa makuba daga kwasfar ɗorawa su shafe bango. Suna yin laso da katsin marina su daɓe rufi. Suna sa indararo mai tsawo domin ruwa ya zuba nesa da gindin gini. Kowace shekara bayan kaka a sake yaɓe. Inda aka bar wannan, ruwa yakan shiga ta hanya biyu. Ta sama, ya jiƙa bakin azara har ya ruɓe a cikin bango ba wanda ya sani. Ta ƙasa, ya kwanta a gindi ya zaizaye shi, sai bangon ya rasa abin tsayawa. Waɗansu suna tsammani sun yi dabara su shafe bangon ƙasa da siminti. Daga waje sai ka ce sabo, amma simintin yana hana laima fita, ƙasar ta yi ta jiƙa a ciki har ranar da za ta zube gaba ɗaya. Ruwan dā mai saukowa a hankali yakan ba mai gida lokaci ya ga tsaga ya toshe. Na yanzu ba ya jira.

A Jenne ta ƙasar Mali, kowace shekara gari duka yakan fito, maza da mata da yara, su yaɓe babban masallacinsu cikin yini guda. Nan ma haka ake yi a dā, ko da shi ke ba da biki ba. Matsalarmu yau ita ce magina masu wannan sani suna tsufa, samari kuma bulo suka koya.

TAKARDA BA TA KUKA

Amma dukiyar Kaduna ta gaske takarda ce. A titin Yakubu Gowon akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda aka tara fayilolin lardunan Arewa tun zamanin Turawa, da rubuce-rubucen Larabci da ajami, da tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a 1939. Mai neman asalin iyakar ƙauyensu, ko yadda aka naɗa sarkinsu na fari, ko takardar da mishan ta rubuta tana roƙon fili domin makaranta ko ɗakin shan magani a garinsu, can zai je. A titin Rabah akwai Arewa House, gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna har daren 15 ga Janairu 1966. A 1970 aka mai da shi cibiyar binciken tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara riƙe ta, yanzu tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A titin Ali Akilu kuma ga Gidan Kayan Tarihi da aka buɗe a 1975 a tsohon ofishin jam'iyyar NPC, inda za ka ga sassaƙen yumɓu na Nok, daga kudancin jiharmu, masu shekara fiye da 2,000.

Yumɓun Nok an gasa shi da wuta, zai daɗe. Takarda ce abin tausayi. Ba lalle sai ambaliya ta kai gare ta ba. Da damina takan sha laimar iska, fumfuna ta hau ta, gara da kyankyasai su samu abinci. Da hunturu ta bushe ƙayau. Shekara bayan shekara tana kumbura tana ƙanƙancewa, har ta zama in ka juya shafi sai ya karye a hannunka. Zafi kuma yana hanzarta wannan duka. Maganinsa ɗaki mai sanyi ne wanda ba ya sakewa dare da rana, na'urar sanyi kuwa sai da wuta, kowa kuma ya san halin wuta a ƙasarmu. Kwano ɗaya da iska ta ɗaga cikin dare ya isa ya jiƙa tarihin lardi guda. Gini in ya faɗi kowa zai ji ƙara, jarida ta buga. Fayil in ya ruɓe, sai ranar da jikan wani ya zo nema a ce masa babu.

Ba a zauna haka kawai ba. Babban laburaren Ingila da ke London yana da shirin ceton takardun da ke cikin haɗari, ya kuwa tallafa aka ɗauki hoton waɗansu tsofaffin takardun Kaduna aka sa a intanet, inda kowa zai iya karantawa. A 2021 masana suka zauna da mutanen Sukur ta Adamawa, wurin da UNESCO ta fara sa wa hannu a Nijeriya a 1999, suka auna yadda sauyin yanayi yake taɓa gonakinsu na kan dutse da al'adunsu. Abin da ya gamshe mu a aikin nan shi ne, ba a bar masu wurin a waje ba. A shekarar nan kuma Nijeriya ta kafa dokar sauyin yanayi. Doka dai ba ta toshe yoyo, kuma abin da aka ɗauki hotonsa ɗan kaɗan ne cikin abin da ke jibge.

NAMU NA GIDA

Ba a gidan gwamnati kaɗai tarihi yake ba. Dattawan ikkilisiya su tambayi kansu, ina littafin baftisma na fari? Ina littafin aure? A wurare da yawa suna cikin kwali a ƙasan kabad, a ɗakin da ya fi kowane yoyo. Sunayen waɗanda suka kafa majami'ar suna ciki, ba su kuma a wani wuri dabam. Haka a gida: takardar fili, takardar makaranta, hoton auren kaka.

A ɗaga su daga ƙasa, a sa a akwatin ƙarfe a kan kanta, nesa da bangon da ruwa yake duka. Kada a ƙulle takarda mai laima cikin leda, gama nan fumfuna take so. Tsohuwar takarda kada a kai ta a manne ta cikin roba da zafi, domin in an manne ba ta ɓantaruwa. A sa wani saurayi mai waya ya ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye hotunan a wuri biyu ko uku, ɗaya a wani gari. In ruwa ya riga ya taɓa littafi, kada a shanya shi a rana. A buɗe shi a inuwa inda iska take ratsawa, a sa farar takarda tsakanin shafuffuka ana sakewa.

Malaman makarantar Lahadi kuma su kai yara Ali Akilu da Ƙofar Gamji, kuɗin shiga ba shi da yawa, gama wurin da mutane suke zuwa shi ake gyarawa. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar kula da koguna kuma ta biyo da jerin wuraren da ambaliya za ta iya shafa. A saurara a rediyo. Watan Maris ne lokacin hawa rufi a duba kwano da kusa, a share indararo, a kwashe lambatun ƙofar gida da na majami'a, tun hadarin Afrilu bai taso daga gabas ba.