Yadda Ƙwayar Sanƙarau Ta Ari Sulke Ta Zama Annoba

Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san lokacin sanƙarau. Daga ƙurar hunturu zuwa zafin bazara ake jin labarin: yaro ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai, kafin azahar wuya ya sanƙare, ko haɓa ba ya iya kaiwa ƙirji. A 1996 cutar ta kama mutum kusan 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000, kuma Arewacin Najeriya na cikin inda aka fi jin jiki.

Abin mamaki shi ne, ƙwayar bakteriyar da ke wannan ɓarna, wadda masana ke kira Neisseria meningitidis, tana zaune lafiya lau a maƙogwaron kusan mutum ɗaya cikin goma, ba tare da ko tari ba. To me ke mayar da wannan maƙwabciya makashiya? Masu binciken ƙwayoyin gado sun samo babban ɓangare na amsar, kuma a yankinmu suka same shi.

Makamin farko na ƙwayar wata riga ce ta sinadarin sukari da take lulluɓe jikinta da ita, tamkar sulken mayaƙi. Idan ta shiga jini sanye da wannan sulke, garkuwar jiki ba ta iya kama ta da sauƙi. Da irin sulken ake rarraba ta gida-gida, kuma gidaje shida ne suka fi haddasa cuta: A, B, C, W, X da Y. Allurar riga-kafi tana koya wa jiki ya gane sulken ne, saboda haka allurar gidan A ba ta kare mutum daga gidan C.

Shekara da shekaru gidan A ne ke addabar yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. A ƙarshen 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta bi sahu a 2011, kuma cikin 'yan shekaru gidan A ya kusan ɓacewa. Ana cikin murna, sai ga wani sabon nau'i na gidan C ya ɓulla a jihohin Sakkwato da Kabi daga 2013. A 2015 ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar. Tsakanin ƙarshen 2016 da tsakiyar 2017 an ƙirga fiye da 14,000 a Najeriya, sama da 1,100 suka rasu, Zamfara ce kan gaba.

Daga ina wannan baƙo ya fito? Masana a Cibiyar Kiwon Lafiyar Jama'a ta ƙasar Norwe, tare da abokan aikinsu, sun karanta rubutun gadon ƙwayoyin da aka samo daga marasa lafiya, rubutun da ya zarce harafi miliyan biyu a kowace ƙwaya, suka wallafa sakamakon a 2018. Sun gano cewa sabon nau'in, mai lamba ST-10217, dangi ne na kusa ga wata ƙwaya da aka samu a maƙogwaron wani mai cikakkiyar lafiya a Burkina Faso a 2012. Waccan ba ta da sulke ko kaɗan. Ita dai wannan bakteriya tana da ɗabi'ar tsintar gutsattsarin ƙwayoyin gado daga 'yan'uwanta ta liƙa a nata. Ta haka ta ari umarnin saƙa sulken gidan C, sannan ta ɗauki wani bairos mai shiga jikin bakteriya, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin su dunƙule a bangon maƙogwaro. Idan ƙura da bushewar iska suka ƙuje bangon, shi ke nan: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk wannan ilimi daga ɗakin jinya yake farawa. Likita zai kwantar da yaro a gefe ɗaya, a lanƙwasa gwiwoyinsa zuwa ciki, ya soka siririyar allura a ƙasan gadon baya ya ɗebi 'yan ɗigon ruwa. Na mai lafiya garau yake kamar ruwan sha. Na mai sanƙarau yakan fito a gurɓace. Wasu iyaye kan ji tsoron wannan gwaji, alhali da shi ake sanin gidan ƙwayar, a san allurar da za a kai gari. Irin waɗannan bayanai ne suka nuna cewa allurar gida ɗaya ba ta isa ba, har a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da Men5CV, mai kariya daga A, C, W, X da Y a lokaci guda.

Ƙwayar da ta ari sulke sau ɗaya za ta iya sake ara. Saboda haka idan yaro ya tashi da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, a garzaya da shi asibiti a ranar, a bar likita ya ɗebi ruwan gwaji. Idan kuma masu allurar riga-kafi suka iso unguwa, a fito da yara.